Ɓawon Maganin Inna

A gidanmu na Dutse Uku ba a jefar da ɓawon magani. Idan an shanye ƙwayoyin, sai a ɗauki katin da ya zama fanko a jefa cikin wani tsohon gwangwanin madara da ke bisa taga, tare da allura da zare da maɓallan da suka ɓalle. Ran da ciwo ya dawo ba sai an koma asibiti an bi layi ba. A zaro ɓawon, a kai wa mai kemis, a ce ya ba da irinsa. Haka kowane gida ke yi a layinmu, kuma ba wanda ya taɓa kiran abin ganganci. Dabara ce, har yabon mace ake yi idan ta iya adanawa.

Inna masa take sayarwa. Tun da Baba ya rasu tandar nan ce ke riƙe da mu, ni da ita da Goggo, yayar Baba, wadda ta dawo zama da mu bayan nata mijin ya rasu. Rumfarta na bakin titi, kwanon rufi biyu aka jingina a kan sanduna. Kafin rana ta fito 'yan acaɓa sun kewaye murhun suna ɗumama hannu, teloli na aiko da kwanoni, direbobin tasha na tsaye suna ci suna gardamar ƙwallo. Ni ce 'yar fari, ni ce kuma ta ƙarshe, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke," take cewa, ko "'yar nan" idan ranta fari ne.

Kircin ya faro ne a lokacin sanyi, irin sanyin Jos da ke sa ruwan randa ya ciji haƙori. Da farko a bayan gwiwa ne da lanƙwasar hannu, ɗan ja-ja mai ƙaiƙayi. Ta shafa man kaɗanya ta ci gaba da harkarta. Kafin damina ta faɗi ya haura wuya, ya gangara gadon baya, ya kama ciki da cinyoyi. Fatar ta yi kauri ta yi baƙi, tana tsagewa tana ruwa, ta bushe ta yi ɓamɓaroki, a sosa ta sake buɗewa. Da safe idan na kakkaɓe mata shimfiɗa, gari ne ke zuba kamar an tankaɗe dusa, ga ɗigon jini nan da can. Ta sosa da farce, ta sosa da totuwar masara, inda hannu bai kai ba ta jingina da ƙyauren ɗaki tana gurzawa. Macen da ko tari ba ta yi da ƙarfi a gaban mutane.

Masu ba da shawara kuwa, Allah ya yi yawa da su a unguwarmu, kuma har yau ina jin haushinsu. Wannan ta ce ruwan ganyen dogonyaro, waccan ta ce sabulun salo da kanwa. Wata ta rantse ruwan kududdufin kuza ne na wajen Naraguta, alhali rabon Inna da Naraguta tun tana amarya. Goggo ita hannu ta gani a ciki, ta ce ciniki ne ya yi yawa aka sa wa rumfar ido. Ta kawo sassaƙe, ta kawo hayaƙi, ta kawo wani baƙin mai mai warin gaske. An shafa, an sha, an turara. Kanwar ce ma ta ƙone mata wuya har ta kasa ɗaura ɗankwali.

Duk wannan da sauƙi, tunda zani da mayafi na rufewa. Ranar da ya sauko bayan hannu da tsakanin yatsu, ranar ce muka san mun shiga uku.

Ina wurin lokacin da wani direba, wanda ya shekara da shekaru yana karyawa a rumfar, ya miƙo hannu zai karɓi masa. Idonsa ya sauka a kan yatsunta. Ya janye hannun a hankali, ya shafa ciki, ya ce ai ya manta ya riga ya karya a gida. Bai yi rashin kunya ba, har da sallama ya tafi. Inna ta mayar da masar cikin kwano ta rufe. Daga nan abin ya bi layi. Na karɓi cokalin juya masa na zauna a bakin tanda, ita ta koma cikin gida, amma mutane ba yara ba ne, sun san hannun da ya dama ƙullun. Masa ta riƙa kwana. Sai kuma kalmar da muke tsoro ta fara yawo, ana faɗinta ƙasa-ƙasa a bakin famfo: kuturta.

Ba wanda ya ce wa Inna ta ware kwanonta. Ita da kanta wata rana da aka sauke tuwo ta ɗauko wani ƙaramin kwano, ta ɗebi nata, ta koma bakin ƙofar ɗaki ta juya mana baya. Tun da na yi wayo mu uku muke sa hannu a langa ɗaya. Na ce, "Inna, mene ne haka?" Ta ce in ci abincina. Goggo ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ci, kuma na daɗe ban yafe mata wannan sunkuyawar ba.

Ni na matsa aka je asibiti. Mun fita da sassafe, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Saurayi ne, idanunsa sun yi ja don gajiya. Ya duba hannun, ya ce ta buɗe baya, ya taɓa fatar da yatsunsa tsirara. Na ga Inna ta zabura, don an daɗe ba a taɓa ta ba. Ya ce, "Mama, wannan ba kuturta ba ce. Kirci ne mai tsanani, kuma ba a ɗaukarsa. Ku ci abinci tare da iyalinku." Ya rubuta man shafawa, ya ce a bar sabulu mai ƙarfi, a riƙa shafa basilin da zarar an fito wanka. Sannan ya rubuta wasu ƙananan fararen ƙwayoyi. Ya ce za a fara da yawa, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har a daina. "Wannan ba maganin da ake zama a kansa ba ne. Idan ya ƙare ku dawo in gan ku." Bai faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Na bayanmu ya riga ya turo ƙofa.

Ban taɓa ganin aikin magani irin wannan ba. Ƙaiƙayin ne ya fara ɗaukewa, Inna ta yi barci har rana ta fito, abin da ta manta da shi. Ruwan ya ƙafe, tsagun suka haɗe, ɓamɓarokin ya zube ya bar sabuwar fata. Wata rana da yamma ta wanke hannu ta zauna tsakanina da Goggo ta tsoma hannu a langa. Na yi kamar ban gani ba. Ta koma rumfa tana naɗe hannun riga har gwiwa da gangan. 'Yan acaɓa suka dawo, teloli suka dawo, har direban nan ya dawo yana wasa da dariya kamar ba shi ba.

Ta bi ƙa'ida a karon farko, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta rage, ta rage, ta daina. Ba a jima ba lanƙwasar hannu ta fara ja. Sai wuya. Ya dawo da gudu, kamar mai bin bashin gaba. Na ce mu koma asibiti, ai likita ya ce a dawo. Ta ce a rufe rumfa yini guda, unguwa ta tambayi ina mai masa, a ce tana asibiti? Ta miƙe ta ɗauko gwangwanin madara ta zazzage shi a kan tabarma. Ta tsinci ɓawon ƙananan ƙwayoyin, ta miƙo mini. "Je ki wurin Oga mai kemis, ki ce irinsa."

Kemis ɗin na tsallaken babban titi, inda unguwar Kiristoci ta fara. Mai shi mutumin ƙauyukan kan dutse ne, mai fara'a, kowa Oga yake ce masa, Hausarsa ba ta raba mace da namiji. 'Ya'yansa da masar Inna suke karyawa kafin su tafi makaranta. Ya juya ɓawon, ya waiwaya kan kantar magani ya ɗauko. "Na Mama ne? Wannan yana da kyau sosai. Zai sa shi ƙiba ma. 'Yammata suna saya, sha-ka-fashe suke ce masa." Ya yi dariya, ni ma na yi.

Daga nan hanya ta buɗe. Kati ya ƙare, a kai ɓawo, a karɓo sabo. Inna ta zama likitar kanta: idan jiki lafiya ta sha kaɗan, idan ta ji alamar ƙaiƙayi ta ƙara. Ba ta taɓa tsallake safiya ba, da ruwan alwalar asuba take haɗiya. Sanyi ya zo ya wuce, ya sake zuwa ya wuce, ya sake zuwa. Na gama sakandare, na fara zirga-zirgar makaranta a Naraguta, ita kuwa tana nan a kan ƙwayoyinta, fatarta sumul.

Ta kuwa yi ƙiba. Inna da take siririya tun tana budurwa, sai ga kumatu sun cika, fuska ta zagaye ta yi haske. A gidan suna mata suka riƙa kewaye ta. "Mai masa, me kike ci ne ba kya ba mu?" "Kai, hutu ya karɓe ki!" Goggo na gefe tana washe baki, tana cewa jiki ne ya karɓi magani. A wurinmu wanda ya yi ƙiba ya warke, wanda ya rame shi ake yi wa sannu. Wa zai ga mace ta cika ta yi ɓul-ɓul ya ce ciwo ne?

Ni ce nake cuɗa mata baya, don haka ni na ga abin da mayafi ke rufewa. Wani tozo ya taso mata a bayan wuya. Ciki ya yi girma, ƙafafu kuwa suka tsotse kamar muciya. Nanƙarwa ja-ja ta zana mata ciki da hammata. Idan ta ɗan bugi bakin tanda sai wurin ya yi baƙi ya daɗe bai baje ba. Tashi daga 'yar kujerar da take zama a bakin murhu ya zama aiki, sai ta dafa gwiwa ta dafa sandar rumfa. Na ce mata wannan ƙibar ba ta lafiya ba ce. Na faɗa da lallami, na faɗa da faɗa, don ni bakina ba ya shiru. Ran da na matsa mata sosai, ta dube ni ta ce, "Ke, so kike in koma cin abinci ni kaɗai?" Washegari na karɓi ɓawon na tsallaka titi.

Sai gari ya rikice. Ba zan ba da labarin wannan ba, duk wanda ya zauna Jos a shekarun nan yana da nasa, kuma na wasu ya fi nawa muni. Mun wayi gari da hayaƙi da gudu da ƙarar bindiga, aka sa dokar hana fita, sojoji suka cika titi. Babban titin da nake tsallakawa da silifas ya zama iyaka, na nan ba ya zuwa can, na can ba ya zuwa nan. Shagunan da ke ɓangarenmu wasu an ƙone, sauran an garƙame, masu su sun gudu. A cikin wannan hali katin Inna ya zo ƙarshe.

Na ce zan gwada fita in nema ko a wurin maƙwabta. Ta riƙe mini zani. Ta ce mutane na mutuwa a waje ni ina zancen maganin ƙaiƙayi. "Ba a mutuwa da susa. In ya dawo sai in sosa, ai na saba. Rumfar ma a rufe take, wa zai ga hannun?" Goggo ta ce gaskiya ne. Ni ma a raina na ce gaskiya ne, har na ji wani sanyi, na ce watakila wannan ce hanyar da za ta rabu da shi. Ta naɗe ɓawon ta ƙulle a bakin zaninta, ta ce ran da aka buɗe hanya sai in kai wa Oga.

Fatarta muka zuba wa ido. Kowace safiya Goggo ta kama hannunta ta juya, ta duba lanƙwasa, ta duba tsakanin yatsu, ta ce alhamdulillahi. Ta nan muke jiran ɓarawon. Da Inna ta fara cewa jikinta ba ƙarfi, muka ce firgita ce, wa ke da ƙarfi a garin? Da ta fara amai muka ce zazzaɓin sauro ne, aka samo mana ragowar magani ta kan katanga daga gidan maƙwabta. In ta miƙe sai jiri ya kwashe ta. Ta riƙa neman gishiri tana lasa a tafin hannu. Duk da haka in aka sauke abinci sai ta jawo jiki ta zauna tsakaninmu, ta sa hannu a langa, ta ɗan taɓa miya ta kai baki. Ba ci take ba, zaman take so.

A kan sallaya ta faɗi, tana sallar azahar a zaune. Jikinta sanyi ƙalau, gumi na keto mata, tana magana ba a gane me take cewa. Allah ya sa ranar an ɗan sassauta doka. Wani maƙwabcinmu mai tasi ya yi kasada ya ɗauke mu. A kowane shinge sai mun fito mun ɗaga hannu sama, ita tana kwance a kujerar baya, kanta a cinyar Goggo. Asibitin ya cika da masu rauni har baranda. Na yi ta ihu a kan ma'aikata, ban san ma abin da nake faɗa ba, har wata likita ta juyo.

Ta auna ta, ta sake aunawa, ta ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Ta dubi fuskar, ta ɗaga mayafi ta ga tozon, ta ga nanƙarwar. Ta ce, "Wane magani take sha?" Na ce ba ta shan komai, sai na ƙaiƙayi, shi ma ya ƙare. Na kwance bakin zanin Inna na miƙa mata ɓawon. Ta karanta. Ta ce tun yaushe take sha? Na faɗa mata. Ta ce yaushe ta daina? Na ce tun da aka hana fita. Ta runtse ido, sannan ta ƙwala wa wata ma'aikaciya kira.

An yi mata allura, an ɗaura ƙarin ruwa. Sai da aka gama likitar ta ja ni gefe, ta yi mini bayani a tsaye, da sauri, don ana kiranta. Ta ce jikin mutum da kansa yana yin irin abin da ke cikin ƙwayar nan, da shi yake riƙe jini da ƙarfi, musamman a lokacin tashin hankali ko ciwo. Idan aka daɗe ana ba shi daga waje, sai ya daina yin nasa. Shi ya sa ake ragewa a hankali, don ya farka ya ci gaba. In aka yanke lokaci ɗaya, babu na waje, babu na ciki. Ta ce daɗewar da aka yi a kansa ɓarna ce, amma yankewar ita ce ta kayar da ita. Na ce, "Da ta ci gaba da sha fa?" Ta ce da ba mu zo nan yau ba. Ta ce za su yi iya ƙoƙarinsu.

Sun yi. Inna ta rasu washegari da hantsi, ba ta farfaɗo ta gane mu ba.

Goggo da tsofaffin layinmu suka yi mata wanka, ni ina zuba ruwa. Ɗaya daga cikinsu, wadda da bakinta ta taɓa yaɗa zancen kuturta, ta shafa damtsen Inna ta ce, "Allahu akbar, jiki kamar na jariri, ko tabo babu." Na so in kwaɗa mata butar, na daure. Da aka ɗaga hannun dama na ga wani ɗan ja a lanƙwasar, bai fi kan babban yatsa ba. Kircin ne, sai yanzu ya fara dawowa. Abin da muka zauna muna gadi ke nan.

Na nemi wanda zan ɗora wa, na rasa wanda zai ɗauka duka. Likitan farko ya ce a dawo. Inna rumfarta take karewa da wurin zamanta a bakin langa, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake taɓa ƙaramin kwanon nan ba. Matan da suka yaba ƙibar, abin da suka tashi suka ga ana yabawa suka yaba. Haushin ya rasa wurin sauka, ya zauna mini a ƙirji, yana nan har yau.

Bayan an yi sadakar arba'in gari ya ɗan lafa, aka fara tsallaka titi da rana, kowa na sauri yana waiwaye. Hanya ta bi da ni ta gaban kemis. An buɗe, ƙofar ta yi baƙi da hayaƙi ta gefe ɗaya. Na so in wuce, amma Oga ya hango ni. Ya fito har bakin ƙofa yana tafa hannu. "'Yar Mama! Kuna nan? Kai, mun gode Allah, mun gode Allah!" Ya rame, ya yi furfura a 'yan kwanakin nan. Kafin in buɗe baki ya koma ciki da sauri, ya jawo wata durowa, ya ɗauko kati ya ɗora a kan kanta.

"Na ajiye wa Mama. Tun da aka fara wahala ina tunani, na ce maganin Mama ya ƙare, yanzu yana can yana susa. Ba hanya ne, da na kawo da kaina. Ki kai masa. Yara suna tambaya yaushe zai fara masa."

Na faɗa masa. Ban yi bayanin likita ba, na ce dai Inna ta rasu. Ya ɗora hannu a ka, ya ce, "A rikicin?" Na tsaya ina dubansa, na rasa amsar da za ta zama gaskiya. Na ce a'a, a asibiti.

Na fito na bar shi tsaye a bayan kanta. Katin na nan a gabansa, ƙwayoyin cike, ba a ɓalle ko ɗaya ba.